Ranar da Na Ja Sabis Zuwa Gidan Su Haliru

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya ƙofar shagona nan Wurno yana kallona ina dalma, ya ce shi fa bai ga abin wahala a sana'ar nan ba, don shi ma ya taɓa nuna ɗaurin auren abokinsa kai tsaye da wayar hannunsa, har mutanen Legas suka gani. Na tambaye shi a ina aka yi. Ya ce cikin birnin Sakkwato, dab da ƙarfen sabis. Na yi masa addu'ar ƙarin basira, na ci gaba da aikina. Wanda ya tsaya gindin ƙarfen sabis ya nuna biki, wayar ce ta yi aiki. Shi riƙe ta kawai ya yi, kuma ko icce mai reshe biyu zai iya wannan.

Ni aikina yana farawa ne inda kwalta ta ƙare. Akwati nake haɗawa, bai fi jakar ɗan makaranta girma ba. A cikinsa akwai modem-modem, kowane da layin kamfani daban, da wani ɗan allo da ke yanka hoton bidiyo gunduwa-gunduwa ya raba musu su tura tare, ta yadda in layi ɗaya ya suma, sauran su ɗauki kayansa. Sai batir, sai fanka, sai eriya da ake ɗaurawa kan gora a ɗaga sama. Da shi ake nuna wa'azi da saukar karatu da kokawa daga tsakiyar fili ko fadama, mutumin da ke Kurmi ko Makka yana kallo a lokacin da ake yi. A baki ya yi kama da lissafin ɗan aji biyu. A aikace shi ya cinye min gashin kai.

Da can malamin kimiyya ne ni a sakandare. Na yi shekara da shekaru ina zana wa yara igiyar rediyo a allo, tana hawa tana sauka, su kuma suna hamma daidai da hawanta da saukarta. Karatun ina da shi, hannun ne babu. Hannun na samo shi wurin wani tsoho mai gyaran rediyo a kasuwar Sakkwato, ana ce masa Baba Na'Allah, wanda nake zuwa shagonsa duk hutu. Bai taɓa koya min komai da baki ba. Matacciyar rediyo yake turo min da ƙafa, ya ce in cire mata kayan ciki ba tare da na ƙona ko ɗaya ba, in na gama in mayar. In dalmata ta yi tudu sai ya ɓalle ta da farce, ya ce wannan kashin kaza ne, ba dalma ba. Shi kansa bai yarda da intanet ba har ya koma ga Allah. Cewa yake rediyo ce marar kunya, kuma yayinta zai wuce. A nan ya yi kuskure, amma a kan dalma bai taɓa yi ba. Sauran aikin na koye shi ne ta hanyar ƙona modem, kuma na ƙona da yawa. Duk wanda ya ce muku ya iya haɗa akwatin nan bai taɓa shaƙar hayaƙin nasa ba, ku tambaye shi wa ya haɗa masa.

Matasa in sun shigo shagon, mita suke fara ɗauka, saboda tana da lambobi masu motsi. Mita tana da amfani, haka ƙarfen dalma da filaya da tef. Amma in za a ce in zaɓi abu ɗaya in bar saura, gora zan zaɓa, doguwa, busasshiya, marar tsaga, da igiyoyinta. Sabis a ƙasarmu sama yake yawo. Abin da modem mai tsada ya kasa jawowa a ƙasa, mai araha zai jawo shi in ka ɗaga masa eriya ta wuce kan itatuwa. Bayan gora sai farin fenti. Baƙin akwati a zafin ranar Goronyo tukunya ce, abin da ya rage kawai a sa gishiri.

Aikina babba na farko a Rabah ne, walimar wani Alhaji, 'ya'yansa na ƙasar waje suna kallo. Na kafa komai, hoto yana tafiya tar, na koma bayan kyamara. Liman na tsakiyar addu'a sai hoton ya daskare, bakinsa a buɗe. Hancina ne ya riga idona sanin dalili. Ashe Alhaji ya hango akwatin nan fari mai huji-huji a tsakiyar shimfiɗunsa, bai yi masa kyau ba, ya sa aka lulluɓe shi da darduma mai kauri, wani mai hankali kuma ya ɗora tiren dabino a kai. Da na yaye dardumar, zafin da ya bugi fuskata irin na bakin tanderun mai burodi ne. Na tsaya baki sake kamar liman ɗin da ke cikin hoton. Alhaji ya ce min ai karramawa ce, ba a barin kayan baƙo tsirara. Tun daga ranar nake yi wa akwatunana murfi mai gangare, wanda ko kofi ba ya zama a kai.

A Lahodu kuwa kokawa aka kira ni in nuna. Na je da hantsi na gwada filin, sabis cike, har na yi wa masu taron alkawarin hoton da za a ƙirga zufar ɗan kokawa. La'asar na yi, jama'a suka cika filin, kowane aljihu da waya, kowace waya ta rataya a wuyan ƙarfen sabis guda ɗaya tilo da ke yankin. Akwatina ya shaƙe. Wanda ya kayar da wani a ranar, sai dai a labari. A nan na koyi cewa filin da ba kowa maƙaryaci ne. Yanzu in zan yi taro, farantin eriyata ba ya kallon ƙarfen kusa. Na nesa nake nema, wanda wayoyin aljihu ba sa kaiwa, in sha ni kaɗai. Labarin aikin garin Tursa kuwa ba zan tsawaita ba. Wani bawan Allah ya duba fili duk bai ga abin ɗaure jaki ba sai gorata. Jakin ya hango abin da ya hango, ya ja eriya da akwati da rabin mutuncina cikin gonar wake.

Sai shekarar da aka kashe layi a yankinmu saboda 'yan bindiga. Muka wayi gari wayoyi sun zama tocila. Sana'ata ta mutu a tsaye, kuma gawarta ta zama haɗari, don ku yi tunanin yadda ake kallon mutum a kan babur ɗauke da akwati mai eriya a irin wannan lokaci. 'Yan sa-kai suka tare ni a hanyar Goronyo, suka sa na buɗe, suka ga layukan waya jere. Suka tambaye ni da wa nake magana da bakuna da yawa haka. Na yi bayani irin na aji, dalla-dalla. Suka ce to in kunna su gani. Mi zan kunna, ba sabis? Ina tsugune cikin rana ina karanta duk abin da na haddace, sai wani daga cikinsu ya gane ni, ɗalibina ne da na sha kora daga aji. Ya ce su sake ni, wannan malamin ba ya iya haɗa baki da kowa, ko da shugaban makaranta bai iya ba. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na koma gida na wargaza akwatunan, na shiga gyaran famfon sola na masu noman albasa. Da layi ya dawo ma ba duka ƙarafun suka farfaɗo ba. Wasu ba mai yarda ya kai musu mai, suna nan tsaye tsuntsaye na kwana a kai.

Bayan wannan ne, ƙarshen wata bazara, wani mutum mai suna Buhari ya zo shagona daga wani ƙauye gaba da Giyawa. Yayansa Haliru, Allah ya jiƙansa, falken albasa ne, a lokacin yana kwance asibiti a Fatakwal da ciwon ƙoda. Likitoci sun ce jikinsa ba zai ɗauki tafiya ba, kuma ba su ɓoye cewa kwanakin sun ƙure ba. Abu ɗaya yake roƙo, ya ga fuskar mahaifiyarsa. Ƙauyen a kwari yake, ba sabis ko ɗigo, sai a kan wani tudu can yamma inda matasa ke zuwa suna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Na ce to ai wannan ba ya buƙatar ni, a ɗauki tsohuwa a kai ta tudun. Buhari ya dube ni kamar yau na sauka ƙasar Hausa.

“Ai shi ta hwara haihuwa, Malam. Kuma sunan surukinta gare shi.”

Nan take na gane. Ɗan fari, ga kuma sunan uban miji. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi. Uwar ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta dube shi ido da ido ba. In zancensa ya kama, “wancan na Kurmi” take cewa. Irin wannan uwa ba za ta hau babur a kan idon gari ta je tudu ganin ɗan fari ba. Sai dai tudun ya zo.

Na haɗa kaya yadda za a ja sabis ɗin. Akwati zai zauna kan tudu, farantinsa na kallon wani ƙarfe mai rai can wajen Goronyo. Daga nan wasu rediyo biyu masu kallon juna za su miƙa shi gida, ɗaya a tudun, ɗaya a kan gora a tsakar gidan. Sharaɗinsu ɗaya, dole su ga juna. In ɗaya ta kau da kai ko kaɗan, magana ta yanke. Muka tafi da Nomau, mai kabu-kabun da ke kai ni irin waɗannan wurare, dattijo mai iyali da ba ya son a kai la'asar a wannan hanya, ni ma ba na so. Muka kafa na tudu, na ɗaure gorar da igiyoyi, na bar Nomau a gindinta. Lokacin gabas ta fara yin baƙi.

Baffan su Buhari, ƙanen marigayi ubansu, shi ya yi min izinin shiga gida. Na jingina gora da rumbu, na juya rediyon har fitilarta ta zama kore, na kafa kyamara, na jona ta da waya. Inna, mahaifiyar tasu, na zaune kan tabarma gindin bedi, wato dogon yaro, tana ɓarar wake, 'yar tsohuwa siririya. Muka gaisa. Sai a lokacin na gane Buhari bai gaya mata komai ba. Ce mata ya yi mai ɗaukar hoton gida ne zai zo. Na dube shi, ya dubi ƙasa.

Kiran ya shiga. Matar Haliru ce ke riƙe masa waya a can. Fuskarsa ta fito, ta kumbura har idanun sun shige, ya ce, “Inna.” Buhari ya kai wayar gabanta. Kallo ɗaya ta yi, irin wanda ake yi wa wuta in ta kama gefen zane. Ta ja faifanta, ta juya gaba ɗaya, ta ba mu baya, ta ci gaba da ɓarar wake.

Na yi aiki wurare da yawa, na ga abin da ke hana hoto tafiya iri-iri, kuma kowane ina da maganinsa a jaka. Ranar fitilu duka kore ne, hoto tar, murya tar, tun daga Fatakwal har gindin bedi, ga mutum yana kallon bayan uwarsa. Ban san abin da zan taɓa ba.

Buhari ya durƙusa yana roƙonta. Ta tambaye shi ko an ba awaki ruwa. Matan maƙwabta suka fara shigowa, suka jeru jikin katanga. Baffa ya hau faɗa, yana cewa an kawo ƙarfe gida don a kunyata tsohuwa gaban jama'a, shi da ya san haka ne da bai bar ni na wuce zaure ba. Haliru na ta magana daga wayar, muryar na fita da ƙyar, yana tambayar ko hoton ne ya tsaya. Na ce masa hoto lafiya lau. Ban taɓa jin kunyar ingancin aikina ba sai ranar.

Iskar gaban hadari ta taso. Na leƙa ta kan katanga, na hango Nomau can kan tudu ya rungume gora kamar mai kokawa da ita. Fitilar rediyo ta fara ƙifta ido. Na gaya wa Buhari a hankali cewa abin da ya rage kaɗan ne, kuma in ruwa ya sauko hanya ta yanke, ba ranar dawowa kusa. Ina jin Inna ta ji, don hannunta ya tsaya a kan faifai. Ba ta juyo ba ta yi magana, kuma da ni ta yi.

“Malam mai ƙarhe.”

“Na'am, Inna.”

“Abin ga naka, in shina ganin mutum, dole mutum shi gane shi?”

Na ce a'a. Na gaya mata asalin aikina ma ba na ganin juna ba ne. Mai wa'azi yakan yi magana, jama'a a garuruwa suna kallonsa, shi bai ga kowa ba.

“To ɗauke hoton ga. Muryar ma kashe ta.”

Buhari ya ɗago zai yi gardama, don a ganinsa yanke yayansa za a yi. Na karɓe wayar daga hannunsa, na kashe mata murya, na kife ta kan turmi. Kyamara kaɗai ta rage a tsaye kan ƙafafunta. Inna ta ajiye faifai, ta karkaɗe zanenta, ta gyara lulluɓi. Ta juyo. Ta tambaye ni ina ake dubawa, na nuna mata gilashin da yatsa, na koma gefe.

Ta daɗe tana duban gilashin nan. Iska na kaɗa ganyen bedi a kanta, ba ta ƙifta ba. Ni idona ɗaya na kanta, ɗaya na kan fitila. Sai ta buɗe baki.

“Haliru.”

Wata tsohuwa a jikin katanga ta saki salati, ta toshe baki da gefen mayafi. Sauran suka sunkuyar da kai kamar an yi tsiraici. Baffa ya tsaya da hannu a sama, sannan ya juya ya fice, har ya bar takalmi ɗaya. Buhari, mutum mai 'ya'ya, ya zauna daɓas a ƙasa. Duk gidan nan ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta, kuma ta faɗe shi ne tiryan-tiryan, ba rawar murya, kamar kullum tana faɗa.

“Haliru, an ce ba ka cin abinci. Ka ci. Ba ka yi min komi ba. In ma ka yi, na yahe.”

Fitilar ta zama ja.

Ban san a wace kalma ta yanke ba. Wannan ba abin da mita ke nunawa ba ne. Mai yiwuwa ya ji duka, mai yiwuwa bakinta kawai ya ga ya motsa, mai yiwuwa tun tana gyaran lulluɓi hoton ya daskare, don ni da ke tsaye a nan na kife wayar da zan gani. Kuma na san ba za ta sake faɗa ba, ko da za a kawo mata ƙarfen sabis ɗin tsakar gida. Har ta riga ta juya, ta ɗauki faifanta.

Na taka turmi na hau katanga, ni da furfurata, na cire hula ina yi wa Nomau alama ya murɗa gorar dama. Ya murɗa hagu. Na yi masa wata alama da ba ta dace da tsohon malami ba, ya gane, ya dawo da ita. Ja, ja, sai kore. Kiran bai sake shiga ba, sabis ɗin bai kai ƙarfin ɗaukar hoto ba, amma ya isa ya shigo da ɗan rubutu daga matar Haliru. Na karanta, na miƙa wa Buhari, ya kasa karantawa, ya miƙo min. Fitilar ta koma ja, ba ta sake dawowa ba.

Na sauko na tsaya bayan tabarmar, na gyara murya.

“Inna, an ji. An ce ya amsa da na'am.”

“Ban tambaye ka ba, Malam,” in ji ta. “Kwashe ƙarahunanka, ruwa na tahe.”

Na kwance gora, na hau naɗe igiyoyin waya, yayyafi ya fara sauka. Ina cikin naɗi na ga ta miƙe, ta juye ƙwayar waken nan tas a gaban awaki, ta ɗauki kwandon ɓawon ta nufi madafa da shi. Matan da ke jikin katanga duk sun gani. Kowace ta kau da kai.